Tutiya da jan ƙarfe a dutsen Riruwai: irin taskar Kanada ce?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Wani abokin hulɗata ya kawo mini duwatsu daga wajen Riruwai, wasu na ƙyalli ruwan ɗorawa, wasu baƙi-baƙi masu nauyi. Ya ce an gwada an ga tutiya da jan ƙarfe, kuma wai tunda duwatsun wurin na aman wuta ne, to irin ma'adinin nan ne da ake kira VMS wanda ya azurta kamfanonin Kanada. Yana so in zuba kuɗi a ɗauko injin haƙa. Mene ne gaskiyar wannan ma'adini, yaya ake nemansa, kuma akwai shi a ƙasar Kano?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Idan na fahimce ka, abokin naka ya haɗa abu uku ne, dutsen aman wuta da tutiya da jan ƙarfe, ya ce tunda sun taru wuri ɗaya to an samu VMS. Duka ukun akwai su a Riruwai, a nan bai yi maka ƙarya ba. Sai dai kama da wane ba ta wane. Sharaɗin da ya tsallake shi ne inda aman wutar ya auku. VMS a ƙarƙashin ruwan teku yake samuwa, shi kuwa dutsen Riruwai a tudu ya yi amansa. Wannan bambanci shi ke yanke siffar ma'adinin a cikin ƙasa, da hanyar nemansa, da irin kuɗin da zai ci maka.

Yadda yake samuwa

Abin da ake nufi da VMS shi ne curin ma'adinan farar wuta da zafin aman wuta ya tara. Ma'adinan farar wuta, waɗanda muke kira salfayid, su ne inda wani ƙarfe ya haɗe da farar wuta ya zama dutse. Idan baƙin ƙarfe ne, fayirayit ke nan. Idan jan ƙarfe ya shiga, calkofayirayit. Na tutiya shi ne sifalarayit, na darma kuwa galina, dutsen nan mai nauyi da ake niƙawa a yi tozali. Ana cewa curi ne saboda a cikinsa waɗannan ma'adinai sun fi rabin dutsen, ba ɗigo-ɗigo ba ne a warwatse.

A gindin teku, inda ɓawon ƙasa ke tsagewa, narkakken dutse yakan taso ya tsaya kilomita kaɗan a ƙasa. Ruwan teku mai sanyi yana tsiyaya ta cikin tsagogi, yana gangarawa yana ɗaukar zafi, har ya kai digiri 350 zuwa 400 a ma'aunin salshiyas. Ba ya tafasa, don nauyin ruwan da ke samansa ya danne shi. A wannan zafi yakan yi tsami, ga shi dama da gishiri, sai ya riƙa wanke jan ƙarfe da tutiya da darma da ɗan zinari da azurfa daga duwatsun da yake ratsawa. Da ya yi zafi sosai sai ya yi sauƙi ya juyo sama ta wata babbar tsaga. Yana fitowa ya yi karo da ruwan teku da bai wuce digiri 2 ba, nan take ƙarafan da ya ɗauko su zube.

An daɗe ana hasashen haka daga nazarin tsoffin mahaƙai, musamman na tsaunukan Troodos a tsibirin Kubrus da na arewacin Japan, kafin a gani da ido. A 1979 jirgin nutso na Amurka mai suna Alvin ya sauka zurfin kimanin mita 2,600 a tekun Fasifik, daura da gaɓar Meziko, masu bincike suka tarar da bututun dutse suna fesar da baƙin ruwa mai zafin digiri 350. Baƙin nan garin salfayid ne. Bututun sukan yi tsawo su karye, wasu su tsiro a kan ɓaraguzansu, a hankali tsibi ya taru, daga baya sabon aman wuta ko laka ta binne shi. Wanda ba a binne ba ruwan teku ke cinye shi.

Siffarsa kamar laima ce a buɗe: rumfar a sama ita ce curin da ya kwanta bisa tsohon gindin teku, sandar a ƙasa ita ce hanyar da ruwan zafin ya biyo, cike da ƙananan jijiyoyi masu jan ƙarfe. Kuma akwai tsari a ciki. Jan ƙarfe yana zubewa tun ruwan na da zafi sama da digiri 300, don haka a gindi da tsakiya ake samunsa. Tutiya da darma sai ruwan ya ɗan huce, shi ya sa suke sama da gefe-gefe. Duwatsun da ke ƙarƙashin curin ma ba sa tsira, ruwan yakan canja su: kusa da hanyar su koma kore-kore masu laushi saboda wani koren ma'adini mai suna kilorayit, nesa kaɗan su yi fari-fari. Wannan canji ya fi curin kansa faɗi nesa ba kusa ba, kuma shi mai bincike ya fi fara cin karo da shi.

Kanada da abokinka ya ambata, tsohon gindin teku ne da ya shekara kimanin biliyan 2.7, a yankin Abitibi. Mahaƙar Kidd Creek kusa da garin Timmins ta ba da sama da tan miliyan 100, kuma raminta ya doshi zurfin kilomita 3. Amma irinta ba su da yawa a duniya. Mafi yawan VMS ba su wuce tan miliyan kaɗan ba, abin da ke taimakonsu shi ne sukan zo rukuni-rukuni, idan an samu ɗaya akan samu 'yan uwansa a kan shimfiɗar dutse guda.

Abin da ke Riruwai

Riruwai, a ƙaramar hukumar Doguwa, tana cikin jerin duwatsun da masana ke kira ƙananan giranayit, wato ƙanana a shekaru, waɗanda suka faro daga tsaunukan Azbin a Nijar suka gangaro ta Ningi da Jos har zuwa Afu a jihar Nasarawa. Na arewa sun fi tsufa, ana yin kudu suna ƙara ƙuruciya. Na Riruwai ya kai kimanin shekara miliyan 170. A lokacin babu teku a wurin. Dutse ne ya yi aman toka mai zafi a sarari, da cikinsa ya yi rami sai samansa ya rufta a zagaye, tokar da ta daskare ta nutse a ciki, shi ya sa ta tsira daga zaizaya har yau. Daga baya narkakken giranayit ya taso a tsakiya ya huce.

Dutsen da kansa yana ba da shaida. Ka ɗauki guntun dutsen aman wutar Riruwai ka jiƙa shi da ruwa ka duba da kyau, sau da yawa za ka ga wasu siraran zane-zane a kwance, duk sun fuskanci gefe ɗaya. Gutsattsarin dutse mai kumfa ne da suka faɗo da zafinsu, nauyin tokar sama ya latse su suka manne. Haka yakan faru idan toka ta sauka a busasshiyar ƙasa. Wanda ya yi amai cikin ruwa daban yake: za ka ga dunƙule-dunƙule masu zagaye kowanne da ɓawonsa, ko dutsen ya farfashe saboda sanyin da ya buge shi, kuma tsakanin shimfiɗa da shimfiɗa akwai laka ta teku da jan dutse mai santsi.

To ina tutiyar ta fito? Daga giranayit ɗin. Da yake hucewa, ragowar ruwan zafin da ke cikinsa ya bi wata doguwar tsaga gabas da yamma, ya cika ta. Ita ce shahararriyar jijiyar Riruwai, mai tsawon kimanin kilomita 5, a tsaye take tana nutsawa ƙasa. Idan ka tsaya a gabanta za ka ga farin dutsen ƙanƙara a tsakiya, gefensa wani dutse mai toka-toka da ƙyalli, bayansa giranayit da ya rine ya yi ja. A ciki akwai sifalarayit da yawa, da kuza, da wulfuram (wani baƙin ma'adini mai nauyi), da galina, da ɗan calkofayirayit. Saboda kuzar aka san garin tun zamanin Turawa, an kuma buɗe rami na ƙarƙashin ƙasa a shekarun 1970, amma aikin bai ɗore ba. Rushewar farashin kuza a duniya a 1985 ta durƙusar da harkar a Najeriya gaba ɗaya.

Saboda haka duwatsun da ke hannunka za su iya zama na gaske, gwajin ma na gaske, amma sunan da aka raɗa musu ba nasu ba ne. Kuma ban ce jijiya abin rainawa ba ce. A ganina ma wanda ya je Riruwai yana lissafin tutiya da jan ƙarfe kaɗai, bai tambayi kuza ba, ya bar jaki yana dukan taiki.

Haka darma da tutiyar da ake haƙowa a kwarin Binuwai, daga Ishiagu da Enyigba a jihar Ebonyi zuwa Zurak a Filato, jijiyoyi ne cikin duwatsun laka, su ma ba VMS ba ne. VMS na Afirka da aka tabbatar suna inda tsohon gindin teku ya tsira: Bisha a Iritiriya, wadda ta fara aiki a 2011, da yankin Ariab a tsaunukan Bahar Maliya na Sudan, da Hajar a Maroko. Mafi kusa da mu ita ce Perkoa a Burkina Faso, mahaƙar tutiya cikin duwatsun da suka haura shekara biliyan 2, wadda ambaliya ta cika raminta a Afrilun 2022 ma'aikata takwas suka rasu. A Najeriya babu mahaƙar VMS da ke aiki. In da za a ce in zaɓi inda zan fara dubawa, zan nufi jerin duwatsun shist (duwatsu masu falle-falle) na arewa maso yamma, irin na Maru da Birnin Gwari, domin a can akwai tsoffin duwatsun aman wuta da shimfiɗun tama da suka kwanta a ruwa. Sai dai sun sha matsa da zafi kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, sun nannaɗe sun karkace, karanta su aiki ne ja, ga kuma matsalar tsaro da kowa ya sani.

Gwajin da za ka yi a shagonka

Nemo wuƙa da fasasshen tayil, ka yi amfani da bayansa marar santsi. Mai ruwan ɗorawa da wuƙa ta kasa karta, musamman in yana da kusurwoyi huɗu-huɗu, fayirayit ne, ba shi da wata daraja shi kaɗai. In wuƙa ta karce shi ya yi gari, launinsa kuma ya fi zurfi, calkofayirayit ne, kusan sulusinsa jan ƙarfe ne. Dukansu in ka goga a tayil baƙin zane suke bari mai ɗan kore. Zinari ba ya yin gari, lanƙwasa yake. Sifalarayit kuwa ko da baƙi ne a ido, zanensa a tayil ruwan ƙasa ne ko fari-fari, yana da ƙyalli irin na ƙaro, in ka kankare shi da ƙarfi ka kai hanci za ka ji ɗan warin ruɓaɓɓen ƙwai. In ban da zinari, galina ta fi su duka nauyi, tana fashewa murabba'i-murabba'i.

Wannan zai gaya maka abin da ke hannunka, ba abin da ke cikin ƙasa ba. Duk mai neman abokin zuba jari mafi kyawun dutse yake tsintowa. Na sha ganin an ɗora na'urar gwaji ta hannu, mai siffar bindiga, a kan ƙwayar sifalarayit, ta nuna tutiya kashi 50 cikin 100, a ɗauki hoton fuskar na'urar a yi ta yawo da shi a waya. Lambar daidai ce, tunda tsantsar sifalarayit yakan kai kashi 67. Amma wuri ɗan mitsitsi na'urar ta karanta, bai fi ƙwayar wake ba. Abin da ke biyan kuɗi shi ne matsakaicin abin da ke cikin duk faɗin da za a fasa, har da dutsen banza da ke gefe.

Yadda ake nemansa

Ba da injin haƙa ake farawa ba, da ƙafa da guduma da taswira ake farawa. Masanin duwatsu zai bi rafi-rafi da tudu-tudu yana tantance ko duwatsun na teku ne, ina sama ina ƙasa, ina shimfiɗar da aman wuta ya ɗan tsagaita, don a wannan hutun ne ma'adinin ke samun sukunin taruwa. Hukumar binciken ƙasa ta Najeriya, NGSA, tana da taswirori da bayanan awon maganaɗisu da aka yi ta jirgin sama, ana saya, kuma sun fi ramin gwaji guda arha.

A ƙasa mai zafi da damina irin tamu, salfayid ba ya zama a fili. Ruwan sama da iska sukan cinye shi zuwa zurfin mita gommai, su bar hular tsatsa a sama. A nan mutane ke ruɗewa, domin ƙasarmu cike take da marmara. Saman Dala da Goron Dutse duk jan dutse mai ƙarfe ne, kuma babu salfayid a ƙarƙashinsu. Marmara takan zo da ƙwayoyi masu zagaye a manne da juna. Hular tsatsa ta gaskiya tana da ƙananan ramuka masu kusurwa, gurbin ƙwayoyin da suka narke, launinta na sauyawa daga rawaya zuwa ja zuwa baƙi a taku ɗaya, wani lokaci da koren tabo na jan ƙarfe. Tutiya saurin bin ruwa gare ta, don haka rashinta a hular ba ya kore komai. Darma da zinari su ke zama. A Bisha haka aka ci abin hawa-hawa: zinarin hular aka fara haƙa, aka sauka kan jan ƙarfen da ruwa ya tace ya tara a ƙarƙashinta, sannan aka isa asalin curin mai tutiya.

Bayan nan sai ɗibar ƙasa da yashin rafi bisa layi a kai ɗakin gwaji, sai awon da ake yi daga sama ba tare da tono ba. Curin salfayid yana ɗaukar lantarki, don haka akan aika masa igiyar lantarki da maganaɗisu daga jirgi ko daga waya da aka shimfiɗa a ƙasa, a saurari amsarsa. Haka aka gano Kidd Creek: jirgin kamfanin Texas Gulf Sulphur ya ji alamar a 1959, ba a sa injin haƙa a wurin ba sai Nuwamban 1963, bayan sun huda wasu alamomi da dama ba su samu komai ba. Dalilin yawan faɗuwar shi ne baƙar laka mai girafayit (baƙin abin da ke cikin fensir) ita ma tana ɗaukar lantarki, kuma ta fi ma'adini yawa. Akwai kuma awon nauyi. Curin ya fi dutsen da ke kewaye da shi nauyi da kusan rabi ko fiye, kuma da wannan aka gano Neves-Corvo a Fotugal a 1977, a binne ƙarƙashin ɗaruruwan mitoci.

Ka lura da wannan, don a nan kuɗinka zai iya salwanta. Sifalarayit ba ya ɗaukar lantarki sosai, farin dutsen ƙanƙara kuwa sam. Jijiya siririya a tsaye, mai tutiya da kuza cikin ƙanƙara, za ta iya yin shiru a na'urar da aka ƙera don VMS, nauyinta kuma bai isa ya motsa awon nauyi ba. Wanda ya tafi Riruwai da sunan VMS zai ɗauko kayan aikin da ba na wurin ba, ya tsara ramukansa bisa siffar da babu ita. Jijiya bin ta ake yi: a auna inda ta dosa da yadda ta karkata, a yanka ramuka masu tsawo a gicciye, a ɗebi samfur daga bango zuwa bango.

Haƙa ita ce ta ƙarshe, kuma ita ce mai tsada, kan kowace mita ake lissafi. Tambayi abokinka wane inji yake nufi. Injin rijiyar burtsatse niƙe dutse yake ya huro gari, a miƙe yake sauka, zai iya bin gefen jijiya mai tsayuwa har ƙasa bai taɓa ta ba. Wanda ake buƙata shi ne mai baki na lu'ulu'u, wanda ke shiga a karkace ya fito da sandar dutse cikakkiya. Ana jera sandunan a akwatuna bisa zurfi, a tsaga kowacce biyu, rabi ya tafi gwaji rabi ya zauna shaida. A cikin samfuran akan saka wasu da aka san babu komai a cikinsu, da wasu da aka maimaita da lamba daban, don a gwada ɗakin gwajin shi kansa. Rami ɗaya ba ya ba da tan, sai an jera da yawa.

Takarda, kasuwa, da lafiya

Ma'adinai a Najeriya mallakar gwamnatin tarayya ne. Yardar mai gona da ta dagaci wajibi ce don zaman lafiya da cika sharaɗi, amma ba ita ce lasisi ba. A ƙarƙashin dokar ma'adinai ta 2007, ofishin rajistar filayen ma'adinai da ke Abuja shi ke ba da lasisin bincike, na shekara 3 da ake iya sabuntawa, a fili da bai wuce murabba'in kilomita 200 ba. Riruwai tsohon wuri ne da idanu suka daɗe a kai, saboda haka kafin komai ka karɓi lambar lasisin ka tabbatar da sunan da ke kanta, ka kuma tabbatar ramin da aka ɗebo duwatsun yana cikin iyakarta. Masanin da za ka ɗauka ya zama mai rajista da COMEG, hukumar rajistar injiniyoyin haƙar ma'adinai da masana duwatsu, kuma kai za ka biya shi, kada ya zama na mai neman kuɗinka. In ba haka ba cinikin biri a sama ka yi.

Ko an samu ma'adinin, sayar da shi wani zance ne. Jijiya mai manyan ƙwayoyi ana iya fasa ta a tsince da hannu, kamar yadda ake yi a Binuwai. Na VMS ƙwayoyinsa ƙanana ne a cakuɗe, sai an niƙa shi lilis an raba jan ƙarfe da tutiya a masana'anta mai amfani da kumfa da sinadarai, ga ruwa ga lantarki. Wannan ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Sannan tarkacen fayirayit in ya sha iska da ruwa yakan zama ruwa mai tsami da ke kashe rafi. Kogin Rio Tinto a Sifaniya ja wur yake saboda haka.

Duwatsun da ke wurinka kuwa, in akwai galina a ciki, kada a daka su a gida ko a shago, kada yara su yi wasa da su. A 2010 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, niƙa dutsen zinari mai darma a cikin gidaje ya kashe yara aƙalla 400.

Daga kwatance ko hoto ba zan iya yanke maka hukunci kan wani rami ba, sai an tsaya a bakinsa. Abin da zai sa in sake duba maganar VMS a wurin shi ne a nuna mini salfayid a kwance yana bin shimfiɗar dutse, da laka ta teku a samansa, da koren dutse mai laushi a ƙarƙashinsa. In kuwa abin da aka nuna maka farin dutse ne a tsaye cikin jan giranayit, to ka sa a auna faɗinsa a wurare da dama, a ɗebi samfur bango zuwa bango, a kai ɗakin gwajin NGSA da ke Kaduna ko wani amintacce, kuma a takardar neman gwajin a rubuta kuza da wulfuram da azurfa tare da tutiyar da jan ƙarfen.